Karta Kadaran-Kadahan, Kuma Kai Ne Mai Fara Magana: Tambayoyi da Amsoshi kan Gasar Poka

A fadarmu da ke Zango, nan Damagaram, bilot muka taso muna bugawa bayan sallar isha, da kartar nan mai ƙwaya 32. Poka daga baya ta shigo, ta cikin wayoyin samari, har aka sayo karta mai 52 aka fara shirya gasa a kan tabarma. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi damuna da su, kuma kusan dukansu a kan abu guda suke: mutum ya riƙe kartar da ba ta da kyau ba ta da muni, ga shi kuma shi ne zai riƙa fara magana.

Tukuna, wannan ba caca ba ce?

In an sa kuɗi, caca ce, babu wata kwana-kwana. Aya ta 219 a Suratul Baƙara da ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida sun gama magana a kai. Mu da ƙwallon dabino muke yi, kowane ƙwallo a matsayin 100, marfin kwalba kuma 1000. Wanda ya ci gasa shi ke da kofin farko na shayi, wanda ya fara fita shi ke wanke kofuna. Akwai malaman da ba su son karta ko da babu kuɗi, saboda tana cinye lokaci tana jawo gardama, kuma wanda ya bi maganarsu ya guje ta bai yi asarar komai ba. Abin da ke nan lissafi ne na wasan kansa.

Me ake nufi da fara magana, kuma me ya sa ake cewa illa ce?

A irin pokar da aka fi yi a gasa, wadda ake kira Texas Hold'em, kowa yana karɓar karta biyu a rufe. Sai a buɗe biyar a tsakiya da kowa zai yi amfani da su: uku a tashi ɗaya, waɗanda ake ce wa fulof, sannan ta huɗu, sannan ta biyar. Kafin a raba, mutum biyu da ke hagun mai rabo suna yin zubin dole, na farko rabi, na biyu cikakke. Mu ƙaramin dole da babban dole muke ce musu. Da zarar an buɗe fulof, magana tana farawa daga ƙaramin dole ta zagaya, mai rabo ne na ƙarshe, kuma haka za ta ci gaba har a gama hannun.

Duk wanda ya taɓa cinikin akuya a Kasuwar Dole ya san abin da ke ciki. Wanda ya fara tayawa ya nuna cikinsa. Mai akuya yana zaune yana kallo, ya ce albarka ko ya sallama, bayan ya riga ya ji naka. A poka mai magana a ƙarshe yana samun wannan damar sau uku a hannu ɗaya. In ka wuce ba ka zuba ba, ya ga alamar rauni, ya zuba. In shi ne kartarsa ba ta kama ba, sai shi ma ya wuce, ya ga ta gaba kyauta. Shi ke da ikon tsibin da ke tsakiya ya ƙaru ko ya tsaya, kai kuwa kana yanke shawara a cikin duhu.

Wace karta ce kadaran-kadahan?

Haɗin karta biyu da za a iya raba wa mutum 1,326 ne, in aka tattara masu kama da juna su koma iri 169. Na sama ba su da wahala, As biyu ko Sarki biyu kowa ya san abin yi da su. Na ƙasa ma haka, 7 da 2 sai a ajiye. Masu cinye mutum su ne na tsakiya: Sarki da 10, Dam da Bale, As da 8, tagwaye ƙanana kamar 4 da 4, ko 8 da 7 masu zane ɗaya. A kartar Faransa da muke saye a kanti, Sarki da Dam da Bale su ne R da D da V, a waya kuma K da Q da J, kada wannan ya rikita sabon shiga.

Bayan fulof ma akwai kadaran-kadahan: ka kama tagwaye da karta ta biyu a girma, ko ka kama ta sama amma ɗan rakiyarka, wato ɗayar kartar da ke hannunka, ƙarami ne.

Sarki da 10 ai karta ce mai kyau, me zai sa in ajiye ta?

Ni ma haka na ce, har ranar da ta kai ni wanke kofuna. Zubin dole yana 100 da 200, da ƙarin 200 da babban dole ke zubawa a madadin kowa. Ina da 6,000, ina zaune a ƙaramin dole. Wani dattijon tela da muke kira Baba, wanda ba ya shiga hannu sai da dalili, ya ɗaga zuwa 450. Na bi, wato na cika zubina ya kai nasa, babban dole ya ajiye, tsibi ya zama 1,300. Fulof ta zo Sarki, 7, 3. Raina ya yi fari. Na wuce, ya zuba 500, na bi. Ta huɗu ta zo, na wuce, ya zuba 1,200, na bi. A ta biyar ya ture 2,500 gaba yana hura shayinsa.

Na ce, "Baba, anya ba burga ba ce?"

Ya ce, "Ɗana, biya ka gani."

Na biya na gani. Sarki da Dam. Na rage da 1,350 daga 6,000, a kan tagwaye ɗaya tak.

Ba a ta biyar na yi kuskure ba, tun wajen 450 ɗin nan ne. Mutumin da ba ya ɗagawa sai da dalili, kartocinsa As da Sarki ne, Sarki da Dam, As da 10, manyan tagwaye. Sarki da 10 a gaban Sarki da Dam kusan sau ɗaya cikin huɗu take ci. Abin takaicin kuma shi ne, ranar da Sarkin ya fito ita ce ranar da ka fi yin asara, domin 10 uku kacal suka rage da za su cece ka, kuma ba ka iya saki. Ranar da kai ne a sama kuwa ɗan abu kaɗan kake ci, saboda abokin karawa yana bayanka, yana ganin ka zuba ya janye.

To ai kowa zai iya kamawa a fulof, ko ba haka ba?

Karta biyu mabambanta suna kama tagwaye a fulof kusan kashi 32 cikin 100. Sau biyu cikin uku ke nan ba ka da komai. Abokin karawarka ma haka yake, bambancin shi ne in ku biyun ba ku kama ba, wanda ke baya ne ke kwashe tsibin, domin ya ga ka wuce.

Me ya sa ake cewa babban dole ya riƙa bi da karta da yawa, alhali shi ma yana fara magana?

Saboda araha. A ce cikakken zubin dole 1 ne. Ƙaramin dole ya sa rabi, kai ka sa 1, ga ƙarin 1 na kowa, mai rabo ya ɗaga zuwa 2. Akwai huɗu da rabi a tsakiya, kai kuma 1 kawai za ka ƙara. Da 1 ɗinka tsibin ya zama biyar da rabi, wato in kana cin kashi 18 cikin 100 ka mayar da kuɗinka. In ya ɗaga zuwa biyu da rabi, abin ya koma kashi 23. Ga shi kuma daga kai an rufe magana, ba wanda zai sake ɗagawa a bayanka.

Sai dai wannan lissafin yana ɗauka za ka ga karta biyar ɗin duka, kuma ba haka abin yake ba. Sau da yawa za a kore ka tun a fulof da kartar da da ta kama a ta huɗu. Don haka ka ɗora wani abu a kan 18 ɗin nan kafin ka bi. Kartocin da suka fi jure zaman gaba, wato kujerar mai fara magana, su ne masu zane ɗaya da masu bin juna, irin 9 da 8, domin in sun kama suna kama abu mai ƙarfi, in ba su kama ba sakinsu ba wuya. Dam da 4 mabambantan zane kuwa, ko lissafi ya ce ka bi, wahala za ta ba ka. Sannan a duba wa ya ɗaga. Mai rabo yana ɗagawa da tarkace iri-iri don ya sace zubin dole. Wanda ke zaune nan da nan bayan babban dole, mutum takwas na jiran sa a tebur mai tara, in ya ɗaga da gaske yake.

Ƙaramin dole fa?

Ita ce kujera mafi muni a tebur. Ragin da ka samu rabi ne kawai, akwai mutum a bayanka da zai iya sake ɗagawa, kuma bayan fulof kai ne na farko ko da mutum nawa ne a ciki. Shi ya sa gogaggu da yawa daga nan ko su sake ɗagawa ko su ajiye, bi kawai ba su cika yi ba. Ni a ganina sabon shiga ya fi kyau ya yawaita ajiyewa daga nan har sai idonsa ya buɗe.

Na riga na shiga, na kama tagwaye na tsakiya. In zuba ko in wuce?

Yawanci ka wuce zuwa ga wanda ya ɗaga tun farko. Dalilin a lissafi yake. A ce tsibi 6 ne, kowane zagaye ana zuba rabinsa ana bi. Zai zama 12, ya zama 24, ya ƙare a 48, kai kuma ka sa 3 da 6 da 12, wato 21. Wanda ya shiga hannun da 30 ya kusa ƙarewa. Tagwaye na tsakiya ba su kai wannan kuɗin ba. Karta ce ta zagaye ɗaya, in ta yi yawa biyu. Abin da kake so shi ne a kai ƙarshe tsibi yana ƙarami.

Tun kafin ka bi na farko ka tambayi kanka: wace karta ce in ta fito zan ci gaba, wace ce in ta fito zan saki, kuma in ya sake zubawa sau biyu ina zan tsaya? Yawancin waɗanda nake gani suna ƙonewa ba su yi wannan tambayar ba. Suna bi ne ɗaya bayan ɗaya, kowane zagaye suna cewa ai na riga na sa da yawa. Abin da ka riga ka sa ba naka ba ne kuma, na tsibi ne.

Ga ma'aunin bi, a haddace shi kamar lambar waya. In ya zuba sulusin tsibi, kana buƙatar ci sau 20 cikin 100. In rabi ne, 25. In ya zuba daidai tsibin, 33.

Akwai inda fara zubawa ke da ma'ana. In kana babban dole, fulof ta zo da ƙananan karta masu bin juna kamar 6, 5, 4, irin waɗannan sun fi zama a hannunka fiye da hannun wanda ya ɗaga da manyan karta. Haka kuma a ta biyar, in kana ganin kai ne a sama amma ba da nisa ba, kana iya sa ɗan ƙaramin zubi, rubu'i ko sulusin tsibi, ka tsayar da farashin da kanka kafin ya tsayar maka da wanda ya fi shi.

In kullum ina wucewa, ba za a raina ni ba?

Za a raina ka, in dai wucewarka kullum rauni take nufi. Maganin shi ne ka riƙa wucewa da manyan kartocinka ma wani lokaci, in ya zuba ka ɗaga a kansa. Wannan ne makamin mai zaman gaba. Ana haɗawa da kartar da ke jiran cika: in kana da huɗu masu zane ɗaya, karta 9 ne za su cika maka biyar, kusan kashi 35 cikin 100 in saura biyu a buɗe, kusan 20 in saura ɗaya. Jeri mai baki biyu, wato karta huɗu masu bin juna da za su iya cika biyar ta sama ko ta ƙasa, yana da 8, kusan kashi 31. Hanyar gaggawa ita ce ka ninka adadin kartocin da kake jira sau 4 a fulof, sau 2 bayan ta huɗu.

Amma kada a yi wannan da tagwaye na tsakiya. In ka ɗaga da su, wanda ka fi zai ajiye, wanda ya fi ka zai bi, ka kori mai ba ka ka riƙe mai cin ka.

Manyan 'yan wasa ma suna shiga wannan tarkon?

Sosai. Babbar gasar duniya ta World Series of Poker, wadda aka fara a Las Vegas ta Amurka a 1970, ta ga irin wannan a 2003. Mutum 839 suka shiga, aka rage biyu: Sam Farha, tsohon hannu, da Chris Moneymaker, wani akawu da ya samu kujerarsa ta wata ƙaramar gasa a intanet. Farha yana da Dam da 9, fulof ta ba shi tagwayen 9, mafi girma a lokacin. Moneymaker yana da Sarki da 7, bai kama komai ba, amma shi ne a baya. A ta huɗu Farha ya zuba, aka ɗaga a kansa, ya bi. A ta biyar ya wuce, Moneymaker ya ture duk abin da ke gabansa. Farha ya daɗe yana tunani, ya ajiye kartar da ta fi. Moneymaker ya ci gasar da dala miliyan 2.5 ta Amurka.

Mutane suna ba da wannan labarin don yabon burga. Ni abin da nake gani a ciki halin da Farha ya shiga ne: tagwaye ɗaya, tsibi ya kumbura, kuma sai ya yi magana kafin ya ji ta ɗayan.

Tagwaye ƙanana, kamar 5 da 5?

Suna zama uku a fulof kusan kashi 12 cikin 100, sau ɗaya cikin takwas da rabi. Sauran lokutan yawanci za ka ga kartocin da suka fi naka girma a gabanka ka rasa ta cewa. Bin su yana biya ne kawai in ku biyun kuna da tari mai yawa, kamar ninki 15 zuwa 20 na abin da za ka bi, kuma daga zaman gaba ka nemi ninki 20 ɗin, domin ko ka kama, fitar da ƙwaya daga hannun wanda ke bayanka aiki ne.

In ƙwayoyina sun yi ƙasa fa?

Nan abin ya sauƙaƙa. Kowane zagayen tebur yana cinye maka biyu da rabi na babban dole, ko ka buga ko ba ka buga ba. In abin da ya rage maka bai wuce ninki 10 zuwa 15 na babban dole ba, bi ka ga fulof ya zama almubazzaranci, sai dai daga babban dole in farashin ya yi araha ƙwarai. Ko ka zuba duka, abin da masu Faransanci ke kira tapi, ko ka ajiye. Wanda ya zuba duka ya kashe zancen gaba da baya, domin babu sauran magana, karta kawai za a buɗe. As da 8 da ke ba ka ciwon kai da tari mai yawa, a nan daga ƙaramin dole in kowa ya ajiye, karta ce ta turawa.

A lura da bambanci guda. Ka fara turawa daban, ka bi wanda ya tura daban. Mai turawa yana da hanya biyu ta ci, ko a ajiye masa ko kartarsa ta fi. Mai bi hanya ɗaya gare shi, don haka yana buƙatar karta mafi ƙarfi.

Me ya raba gasa da wasan da ba gasa ba a wannan batun?

Gasa kamar kokowar takobi ce, in an kayar da kai an gama da kai, ba ka cewa a sake. Kuma ƙwayar da ka ci ba ta kai darajar wadda ka rasa ba. Akwai lissafin da ake yi wa wannan, ana kiransa ICM, wanda asalinsa daga aikin David Harville ne na 1973 a kan tseren dawaki. A ce mutum uku suka rage, da 5,000 da 3,000 da 2,000, maki kuma 50 ga na ɗaya, 30 ga na biyu, 20 ga na uku. Mai 5,000 yana da rabin ƙwayoyin, amma rabonsa a lissafi maki 38.4 ne. Mai 3,000 yana da kusan 32.8, mai 2,000 kusan 28.9. Duba yadda na ƙasa ya kusa kamo na sama, don kawai yana raye.

A manyan gasa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na waɗanda suka shiga ne ke samun wani abu. Idan aka zo bakin wannan gaɓar, mai matsakaicin tari shi ya fi kowa shiga uku, musamman in mai babban tari yana zaune a hagunsa. Kartar da zai bi da ita a farkon gasa, a nan ajiye ta zai yi. Ba a cewa a daskare gaba ɗaya, amma in za a yi faɗa a yi da wanda ba zai iya fitar da kai ba.

In mutum uku ko huɗu ne a cikin hannun?

Ka ƙara tsanantawa. Tagwaye na tsakiya a gaban mutum ɗaya wani abu ne, a gaban uku kusan ba komai ba ne. In ɗaya ya zuba wani ya bi, saki.

Kwamfuta ta warware wannan matsalar?

Ta yi nisa. A 2017 wata manhaja mai suna Libratus ta jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru a wasan mutum biyu, a 2019 kuma Pluribus, wadda aka yi da haɗin gwiwar Facebook, ta yi haka a tebur mai mutum shida. Manhajojin nazari na yau ma suna nuna abin da tsofaffin 'yan wasa suka daɗe da sani: karta iri ɗaya tana kawo ƙasa da abin da ya kamata in tana zaman gaba, kuma daga nan wucewa ta fi yawa. Sai dai kwamfuta tana zaton abokin karawarta ma gwani ne mai burga daidai gwargwado. A tabarmarmu ba haka ba ne. Akwai ɗan kabu-kabun da zai zuba sau uku da iska, shi ana bin sa da tagwaye na tsakiya har ƙarshe. Akwai kuma irin Baba, wanda in ya zuba karo na biyu sai ka ajiye Sarkinka ka miƙa hannu a zuba maka shayi.

A fada, yaya za a raba kujeru kada wani ya ci bulus?

A ja karta, kowa ya zauna inda ta ba shi, kuma rabo ya riƙa zagayawa hagu bayan kowane hannu. Mu wani tsohon murfin buta muke ajiyewa gaban mai rabo don kada a manta. Da can kowa inda ya ga dama yake zama, sai muka lura wani ƙanenmu kullum yana lallaɓawa ya zauna a hagun ɗan kabu-kabun nan, ya ce wai nan ne iska ta fi kadawa.